Jami'ai 14, wurare fiye da 4,000: ta ina shugaban duba-gari zai fara?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Wata uku ke nan da aka ba ni riƙon sashen lafiyar muhalli da kiyaye haɗurra na birninmu. Jami'ai 14 gare ni da mota biyu, ɗayar ma tana wurin bakanike. Wuraren da doka ta ce mu riƙa dubawa sun haura 4,000: gidajen abinci, mayanka, otal-otal, makarantu, gidajen mai, ɗakunan taro. Duk ƙarshen wata abin da manyana ke tambaya shi ne wuri nawa muka zaga, kuma tarar nawa muka karɓo. Ga kuma raɗe-raɗin cewa wasu daga cikin yarana na karɓar na goro. Ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya taya ka riƙo, don kujerar da ka hau ba a cika yi wa mai ita godiya ba. In aiki ya yi kyau babu mai gani, tunda annobar da ba ta ɓarke ba da benen da bai rufta ba ba sa shiga labarai. Ranar da abu ya ɓaci kuwa, kai za a fara nema.

Na daɗe a wannan aiki, tun daga yawon duba-gari da jaka a kafaɗa har zuwa zaman ofis. Yadda na fahimce ka, abu uku ne suka cakuɗe maka: yadda za ka raba mutum 14 a kan wurare dubbai, abin da za ka riƙa kai wa manyanka a matsayin shaidar aiki, da yadda za ka san rahoton da yaranka ke kawowa gaskiya ne. Mu fara da lissafi. A abin da na gani, jami'in da ke duba na tsakani da Allah, da tafiya da rubuta rahoto, wuri biyu yake gamawa a rana. In ka cire hutu, da zaman kotu, da taruka, da ranakun da babu mai a mota, da wuya ya sami fiye da kwana 150 a fili cikin shekara. Mutum 14, wuri biyu, kwana 150: ziyara 4,200 ke nan. Wato kana iya leƙa kowane wuri sau ɗaya a shekara, ka cika takarda, manyanka su yaba. Amma ba za ka rage ko rana ɗaya ta komawa inda aka ga matsala ba. A nan gizo ke saƙar.

Laifin da aka gani aka bari

In ka bi manyan bala'o'in da suka auku a birane, za ka ga sau da yawa an riga an ga haɗarin, har an rubuta. Benen Rana Plaza mai hawa takwas a kusa da Dhaka ta Bangaladash ya rufta ranar 24 ga Afrilu 2013, mutum 1,134 suka mutu, mafi yawansu maɗinka tufafi. Ana gobe zai faɗi an ga bango ya tsage, injiniya ya zo ya ce ginin ba shi da aminci, banki da shagunan ƙasa suka rufe, amma aka tilasta wa ma'aikatan sama komawa aiki da safe. A tashar jiragen ruwa ta Beirut, tan 2,750 na sinadarin amoniyom naitiret, wanda ke iya fashewa kamar bam, ya yi kimanin shekara shida a sito, jami'an kwastan na ta rubuta wa alƙalai wasiƙa a kansa, har ya fashe ranar 4 ga Agusta 2020 ya kashe fiye da mutum 200. A Surfside ta jihar Florida a Amurka, injiniya ya rubuta tun 2018 cewa akwai babbar lalacewa a kankaren wani dogon benen gidajen zama, aka yi ta jan ƙafa kan kuɗin gyara, ginin ya zube a Yunin 2021 ya kashe mutum 98. Duk wuraren nan uku an yi gargaɗi. Wanda zai bi gargaɗin har a yi gyara shi ne babu.

Na ga irin wannan da idona, a ƙaramin mataki. Makon da na karɓi ofis na sa aka fito min da duk takardun gargaɗin da aka bayar cikin shekara biyu da suka wuce. Kowace na ɗauke da wa'adi, kwana 7 ko 14 ko 30. Da na nemi shaidar an koma bayan cikar wa'adi, kaɗan ƙwarai na samu. Na zaro ɗaya ta ɗakin kwanan ɗalibai a wata makaranta, inda jami'inmu ya rubuta cewa an ɗaure ƙofar baya da sarƙa da kwaɗo. Na ɗauki mota na je. Sarƙar na nan, har ta yi tsatsa, kuma mai riƙe da makullin ba a makarantar yake kwana ba. Ƙofa a kulle ce ta taimaka wajen halaka ma'aikata 146 a gobarar masana'antar Triangle a birnin New York a 1911, ga shi bayan shekaru masu yawa ina tsaye gaban irinta, da takardar ofishina a hannu.

Don haka aikin farko da zan ba ka shi ne wannan: kafin ka tura kowa sabon wuri, ka tattaro tsofaffin takardun gargaɗi, ka ware waɗanda suka shafi rai, ka sa a koma musu cikin mako biyu. Sannan ka buɗe littafi guda, ko a takarda ko a kwamfuta, wanda duk babban laifin da aka gani zai shiga da ranar gani, ranar cikar wa'adi da sunan jami'in da ke riƙe da shi. Ba a goge layi sai da hoton gyara. Kowace safiyar Litinin da wannan littafin za ku buɗe taro. Ka ware kashi ɗaya cikin uku na lokacin jami'anka don komawa da amsa ƙorafin jama'a, ka hana kowa taɓa shi.

Wa ke cikin rajista, wa ba ya ciki

Ka ce wurare sun haura 4,000. Ina kyautata zaton wannan adadin masu lasisi ne, kuma ɗaruruwa a cikinsu sun daɗe da rufewa, yayin da wasu ɗaruruwan ke aiki ba wanda ya san da su. Waɗannan na biyun su suka fi ba ni tsoro. A Oakland ta Kalifoniya, wani sito da aka mayar wurin kwana da casu ya kama wuta a Disambar 2016, mutum 36 suka mutu, daga baya hukumomin birnin suka ce masu duba gine-gine sun yi shekara 30 ba su shiga cikinsa ba. A takarda sito ne, shi ya sa babu wanda ya tambayi ƙofa nawa gare shi. Canjin amfani da gini shi ne abin da rajista ba ta kamawa: gidan zama ya koma makaranta, gareji ya koma wurin sayar da gas. Ka gwada jerinka da na ofishin haraji, na hukumar ruwa da na 'yan kwana-kwana, sannan ka ba kowane jami'i unguwa ya bi ta layi-layi da ƙafa. Aikin wata biyu ne mai gajiyarwa, amma duk abin da za ka gina a kansa zai zauna.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba

Da rajista ta gyaru, sai ka daina yi wa kowa kuɗin goro. Tambaya uku nake yi wa kowane wuri. Me ake yi a ciki? Mai dafa nama ya ajiye ya sake ɗumamawa ba ɗaya yake da mai sayar da kayan gwangwani ba. Su wa ke shiga, kuma su nawa? Kicin ɗin asibiti, gidan renon yara da makarantar kwana suna ciyar da waɗanda gudawar kwana biyu ke iya kaiwa lahira; Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa mutum miliyan 600 ke kamuwa da cuta ta gurɓataccen abinci duk shekara, 420,000 su mutu, 125,000 daga ciki yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Ta uku, mene ne tarihin wurin? Wanda aka kama sau biyu, za a kama na uku.

Da amsoshin nan za ka kasa wurare gida uku. Na sama a je musu duk wata uku zuwa shida, na tsakiya sau ɗaya a shekara, na ƙasa duk shekara biyu ko uku, ko kuma in an kawo ƙara. Sai dai ka riƙa zaɓo kaɗan daga na ƙasa ta hanyar ƙuri'a kana afka musu ba zato, don kada su saki jiki, kuma don ka gane ko rabon naka daidai ne. Birnin Chicago, mai wuraren abinci fiye da 15,000 da jami'ai talatin da 'yan kai, ya gwada a 2014 ya sa kwamfuta ta jera masa wuraren da suka fi yiwuwar samun babban laifi, aka ga ana gano irin waɗannan laifuffuka da wuri da kimanin kwana bakwai. Kada ka ce sai ka sami irin wannan manhaja. Tsofaffin fayiloli da tsofaffin jami'anka biyu a ɗaki guda za su yi maka mafi yawan aikin.

Abin da ido zai nema

Sabon jami'i yana son abin da ke saurin shiga ido: yanar gizo a silin, fenti ya ɓare, ma'aikaci ba hula. Waɗannan na da sauƙin rubutawa, kuma ba sa jawo gardama. Amma yanar gizo ba ta taɓa kwantar da kowa a asibiti ba. Abin da ke kwantarwa shi ne dafaffen abinci da ya yini tsakanin digiri 5 da 60 a ma'aunin Selshiyos, inda ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. Wuƙa ɗaya ta yanka ɗanyen nama ta koma kan abin da za a ci ba dahuwa. Ma'aikaci mai gudawa yana zuba abinci. Wurin wanke hannu babu sabulu ko an jibge kaya a kansa. Masai kusa da rijiya. A ɓangaren gobara kuwa, ƙofar fita, yawan mutanen da ɗaki ke ɗauka, wayoyin lantarki da inda aka ajiye tukunyar gas su ne gaba. Ka raba takardar dubawarka gida biyu, laifin da ke kisa da laifin da ke ɓata gani, kada maki goma na ƙananan abubuwa su rufe babba ɗaya.

Kuma ido kaɗai ba ya isa. Ido ba mudu ba ne, ko da ya san kima. Kowane jami'i ya fita da ma'aunin zafi mai tsinke, da abin gwada kilorin (sinadarin da ke kashe ƙwayoyin cuta a ruwan sha), da tocila, da wayar ɗaukar hoto. Ruwan famfo ya kamata ya isa ga mai sha da ragowar kilorin aƙalla miligiram 0.2 a lita, kuma kada a sami ƙwayar E. coli, mai nuna kashi ya shiga ruwa, ko ɗaya a mililita 100. Jami'i ya auna da hannunsa. A garin Walkerton na Kanada, a watan Mayun 2000, ruwan sha ya gurɓata, mutum bakwai suka mutu, kimanin 2,300 suka kwanta, bincike ya nuna masu kula da ruwan sun daɗe suna cika littafin kilorin da lambobin da ba su auna ba. In ka buɗe littafin firji ka ga digiri 4 kowace rana tsawon wata shida, da biro ɗaya da hannu ɗaya, to a zaune aka rubuta shi.

Lokacin zuwa ma sai an duba. Mayanka da asuba ake ganin gaskiyarta, gidan abinci da tsakar rana lokacin da aiki ya kacame, ɗakin taro da dare sa'ad da ya cika. Ofishin da ke buɗewa ƙarfe takwas ya tashi ƙarfe huɗu ba zai taɓa ganin ƙofar da ake kullewa bayan magariba ba.

Maganar na goro

Ba zan ce maka raɗe-raɗin ƙarya ne ba. Ruwa ba ya tsami banza. Amma wa'azi da barazanar kora ba su taɓa yi min maganinsa ba. Ka duba yadda aikin yake: mutum ɗaya, mai ƙaramin albashi, shi kaɗai a bayan kicin da mai wurin da ke iya asarar cinikin mako in aka garƙame masa shago, babu mai ganinsu. Wani lokaci ma da kuɗin aljihunsa ya hau abin hawa ya zo, ko kuma mai wurin ne ya aiko mota ta ɗauko shi. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Saboda haka ka fara da kanka: kuɗin zirga-zirga ya fito daga ofis, a kan lokaci.

Sauran gyaran tsari ne. Kada jami'i ya zaɓi inda zai je. Ofis ya ba shi jerin da safen ranar. Kada ya wuce shekara ɗaya ko biyu a unguwa guda, don sabo na kashe ido ko babu kuɗi a ciki. Kada kuɗi ya taɓa hannunsa: tara a banki ake biya, kuma wanda ya gano laifi dabam, wanda ke yanke tara dabam. Mafi amfani a cikinsu duka shi ne sake dubawa. Ka ɗauki rahoto ɗaya cikin goma, ta ƙuri'a, kai ko mataimakinka ku koma wurin cikin kwana biyu ku gwada abin da aka rubuta da abin da ke ƙasa. An gwada makamancin wannan a jihar Gujarat ta Indiya. Can masana'antu ne ke zaɓar masu auna gurɓatar da suke fitarwa, su kuma biya su, sai aka ga rahotanni na cunkushewa daf da ƙasan iyakar doka. Da aka koma raba masu aunawa ta ƙuri'a, ana biyansu daga asusu guda, ana kuma bin sawun wasu daga cikin awonsu, sakamakon da aka wallafa a 2013 ya nuna rahotanni sun matso kusa da gaskiya, masana'antun kuma sun rage gurɓatawa. Mutanen dai su ne, wanda ke biya da wanda ke bin sawu aka canza.

Sai dai ka yi hattara da saurin zargi. Ba duk bambancin rahoto ne cin hanci ba. A gundumar King, inda birnin Seattle yake, an riƙa tura jami'ai biyu-biyu wuri ɗaya kowa ya rubuta nasa, aka ga suna saɓa wa juna a kusan kashi 60 cikin 100 na ziyarorin, alhali abu ɗaya suke kallo. Wani mai tsanani ne, wani mai sassauci, wani bai fahimci ƙa'idar ba. Fita tare lokaci-lokaci, da zama a tattauna hotunan da aka ɗauko, yana rage wannan. In kuwa ka kama mutum da hujja, ka bi dokar aiki har ƙarshe. Mayar da shi wata unguwa kai cutar wani wuri ne kawai.

Abin da za ka kai wa manya

Yawan tara a matsayin ma'aunin aiki guba ne. Ranar da aka ɗora wa sashe adadin kuɗin da zai kawo, jami'ai za su koma farautar masu ƙaramin ƙarfi da ke biya ba gardama, su kauce wa babban otal mai lauyoyi. Mai wuri kuma zai ɗauki tara kamar kuɗin haya: ya biya, ya ci gaba. Ba za ka iya hana manyanka son lambobi ba, amma kana iya sauya musu lambobin. Ka ci gaba da ba su yawan ziyara, sai ka ƙara layi uku a ƙasa: kashi nawa na wurare masu babban haɗari aka duba a kan lokaci, manyan laifuffuka nawa aka gyara cikin wa'adi da nawa suka rage a buɗe, da kwana nawa ake ɗauka kafin a amsa ƙorafi. Layin "nawa suka rage a buɗe" shi ne garkuwarka. Shugaban da ya sa hannu ya karɓi takardar da ke cewa makarantu tara na da ƙofar fita a kulle ba zai iya cewa bai sani ba, kuma ta nan ne na taɓa samun ƙarin mota.

Hukunci ya riƙa hawa daki-daki: bayani da nuni, takardar gargaɗi mai wa'adi, tara, kotu, janye lasisi. Mafi yawan masu wurare rashin sani ke damunsu, minti goma na koyarwa ya wadatar. Haɗarin da ke iya kisa yau shi ne ba ya jiran tsani. A rufe nan take, a rubuta dalili, a faɗa wa mai wurin ainihin abin da zai gyara a buɗe masa, kuma in ya gyara a je da sauri. Za a kira ka a waya daga sama a ce ka buɗe wa wane. Abin da nake yi shi ne in amsa da ladabi, in ce ranka ya daɗe a aiko min a rubuce don in saka a fayil. Ba a cika aikowa ba.

Akwai kuma manna sakamako a ƙofa don masu saye su gani. Los Angeles ta fara ba gidajen abinci A, B ko C a 1998, Denmak ta fito da alamar fuska mai murmushi a 2001, New York ta bi sahu a 2010, a Ingila, Wales da Ireland ta Arewa kuma maki ne daga 0 zuwa 5, wanda yankin Wales ya wajabta mannawa tun 2013. Yana sa masu wurare su tashi tsaye. Amma ba zan ba ka shawarar fara shi bana ba. In jami'anka ba su daidaita a tsakaninsu ba, kuma ba ka toshe kafar na goro ba, ka ƙirƙiro musu sabuwar haja ce mai tsada.

Iyakar wannan shawara

Ikon shiga wuri, rufe shi, ƙwace kaya ko kai mutum kotu ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, har daga birni zuwa birni. Ka zauna da lauyan hukumarku ku bi dokar sashe-sashe kafin ka garƙame ko'ina, domin shari'a ɗaya da aka kayar da kai kan kuskuren takarda za ta sanyaya gwiwar jami'anka na tsawon shekara. Haka kuma jami'in lafiyar muhalli ba injiniyan gini ba ne. Zai iya ganin tsagewa a ginshiƙi, amma ba shi zai ce gini zai tsaya ko zai faɗi ba. Nasa ya fitar da mutane in doka ta ba shi iko, ya kira masu abin, ya kuma saka a littafin nan na Litinin har sai sun zo. Masu sayar da abinci a bakin titi kuwa, tsarin lasisi da tara ba ya kama su, kora kuma tana mayar da su lungun da ba ka gani. Da su abin da ya fi yi min aiki shi ne zama da shugabannin ƙungiyarsu, a samar musu ruwa da wurin zubar da shara, su kuma su riƙa tsawatar wa junansu. Ka nemi ma'aikacin da ke tattara alƙaluman cututtuka a sashen lafiya ku yi musayar lambar waya, ka roƙe shi duk lokacin da masu amai da gudawa uku ko huɗu suka zo daga unguwa ɗaya ya kira ka a ranar, kada ya jira rahoton ƙarshen wata.